Injin da Ba Ya Jin Kunyar Kowa

Ni na kawo injin, wannan ba na musu. A kamfanin casar shinkafar da nake yi wa aiki a Talata Mafara ni ne mai kula da kwamfutoci, kuma duk wanda ya zauna da ni ya san abin da ke tayar mini da jijiyar wuya: a ce ƙarfe takwas, mutum ya shigo tara saura yana gyara zaman hula, yana bin jama'a ɗaya bayan ɗaya da ina gajiya. Ban san inda na gado wannan hali ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, in ya ce maka yana nan tafe bayan azahar, to ka ci tuwonka, ka yi la'asar, sannan ka fara duban hanya. Ni kuwa na fito daban. Abokan aiki suka laƙaba mini Mai Agogo, su a ganinsu tsokana ce, ba su san daɗi nake ji ba.

Na yi ta damun manaja har ya gaji ya sayo injin dangwale guda uku, irin wanda ma'aikaci ke ɗora wa babban yatsa da safe, shi kuma ya riƙe lokacin da mutum ya iso. Aka kafa ɗaya a babban ofis nan Mafara, ɗaya a sitonmu na Bakura, ɗaya a na Maradun, wuraren da muke karɓar shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, daga hannun manoma. Ranar da aka tara ma'aikata don a nuna musu, wani direbanmu mai shegen surutu ya ɗaga hannu ya ce, to in agogon injin ya yi ƙarya fa, wa zai bi wa talaka haƙƙinsa? Dama abin da nake jira ke nan. Na miƙe, na gyara riga, na yi musu bayani dalla-dalla. Na ce injunan nan ba su da lokacin kansu, kowanne tambaya yake yi wurin babbar kwamfutar da ke ɗakina, wadda muke kira saba. Ita ma sabar ba ta yarda da kanta ba, tana tambayar waɗansu manyan agogunan intanet da ke ƙasashe daban-daban, ta gwama amsoshinsu, ta bi wanda ya fi inganci. Na ce kullum da safe, kafin in sha shayi, sai na duba ko agogunan nan suna amsa mata. Da a nan na tsaya da an rabu lafiya. Amma bakina ya ja ni, na ƙara da cewa injin nan ba ya jin kunyar kowa. Aka kwashe da dariya. Can baya a kan benci surukina na zaune, ban kuwa san ko ya yi dariyar ba, don ba na kallonsa.

Surukina shi ke riƙe da makullan siton Bakura tun kafin a ɗauke ni aiki. A Birnin Tudu yake zaune, kullum da safe ya hau tsohon babur ɗinsa ya zo ya buɗe ƙofa, sannan a fara awo. Kowa Baba yake ce masa, har manaja. 'Yarsa ta fari nake aure, kuma tun ranar da aka shafa fatiha ban sake ɗaga ido na dubi fuskarsa ba. Haka muka taso muka tarar. Ba na kama sunansa, ba na cin abinci inda yake, in na hango shi tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa, ido a ƙasa, mu yi ta gaisuwa har ƙafata ta yi tsami: lafiyar gida, aiki, sanyi, mutanen Mafara, a sake dawowa kan gajiya. Saboda haka abin da na sani na surukina ƙafafunsa ne. In ka jera mini ƙafafun dattawan Bakura kaf, zan nuna maka nasa. Na san takalminsa na fata da aka yi wa faci a dunduniya, na san farcen babban yatsan dama da sikeli ya taɓa dannewa ya fito a murɗe. Matata ma ba ta fi ni ba. 'Yar fari ce, shi ba ya kiran sunanta, ita kuma in ta je gaishe shi daga bakin ƙofa take tsugunawa, ta ja mayafi, su yi magana kamar ta bayan katanga. Mahaifiyarta da ke shiga tsakaninsu ta riga mu gidan gaskiya.

Da kaka ta shigo, lokacin da manoma ke yin layi da amalanke da raƙuma a ƙofar sito tun sassafe, sai injin Bakura ya fara nuna abin da ba wanda ya zata. Baba na latti. Ba rana ɗaya ba, ba biyu ba, kusan kullum, kuma abin ƙaruwa yake yi: da farko 'yan mintoci, daga baya rabin awa, wata rana har tara ta gota. Manoma suka fara ƙorafi, waɗansu suka juya da kayansu wurin 'yan kasuwa. Manaja ya kira shi a waya cikin girmamawa ya tambaye shi ko lafiya. Baba ya ce lafiya lau, shi yadda ya saba fitowa haka yake fitowa, agogon hannunsa takwas yake nunawa in ya iso, in akwai mai ƙarya to injin ne.

Kafin azahar maganar ta zaga wuraren aikinmu uku. Mutum ne da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, don haka kowa ya gaskata shi, masu latti kuwa kamar an yi musu ƙaramar sallah. Direban nan ya leƙo ɗakina yana washe baki, ya ce Mai Agogo, ashe da gaske kake, injinka da surukinka ya fara. Na jefe shi da murfin biro na kuskure. Manaja kuwa bai ga abin dariya ba. Ya kira ni ya ce in bincika, ranar Laraba za a zauna. Ya ce latti kaɗai ba zai sa ya raba dattijo da aikinsa ba, amma ba ya barin makullin sito a hannun wanda ya faɗa masa abin da ba haka ba. In injin ne da gaskiya, Baba zai ajiye makullai. In kuwa Baba ne da gaskiya, a cire injunan duka uku a mayar da su kwalinsu. Ya rage murya ya ƙara da cewa akawun siton Bakura ya tabbatar masa a asirce cewa Baba na latti, sai dai yana son ya ji daga bakina.

Labari ya riga ni isa gida. Matata ba ta tambaye ni komai ba. Ta ajiye mini kwanon fura, ta koma gefe tana tsince waken da tun jiya aka tsince shi. Sai da na kusa shanyewa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Malam, Baba bai taɓa ƙarya ba. Ka duba abin nan naka da kyau." Na ce mata zan duba. Sauran furar ban iya shanye ta ba.

Duba lafiyar agogunan nan ba wani aiki ba ne, ko shayi bai huce ba an gama. Ka buɗe baƙin allo, ka buga ɗan gajeren umarni, sai layuka su fito, kowane layi agogo ɗaya ne daga cikin waɗanda sabar ke tambaya. Wanda ta zaɓa take bi, za ka ga tauraro a gabansa. Akwai gurbin da ke nuna ko sun amsa kiraye-kirayen da aka yi musu na baya-bayan nan. In ka ga uku, bakwai, bakwai, to babu kiran da ya faɗi ƙasa banza. Akwai kuma gurbin da ke nuna tazarar da ke tsakanin agogonmu da nasu. Kullum in na ga tauraron nan sanyi nake ji a raina, kamar manomin da ya fito ya tarar shuka ta tsira daidai. Ran nan kuwa, wallahi, da bismillah na buga umarnin ina roƙon Allah kada in gan shi. Abin da na cika wa mutane baki a kansa, ga ni zaune ina addu'ar ya lalace.

Ga tauraro nan daram. Uku, bakwai, bakwai a kowane layi. Tazarar kuwa ko ƙiftawar ido ba ta kai ba. Na share, na sake bugawa, na sake, kamar in na matsa mata za ta canza magana. Na koma baya na bi tarihin da sabar ke ajiyewa tun farkon kaka, ina neman rana ɗaya tak da tauraron ya faɗi, ko batirin sola ya mutu agogo ya ruɗe. Babu. Na daki tebur na hau ta da faɗa. Na ce duk kayan kamfanin nan ba wanda bai taɓa ba ni kunya ba, firinta, janareto, har fankar da ke kaina, sai ke, yau da nake nemanki da laifi kika zama waliyyiya. Mai shara da ke wucewa ta leƙo ta ga ni kaɗai ne a ɗakin, ta ja ƙofa ta tafi abinta.

Saura in je in ga ko injin Bakura na karɓar lokacin yadda ya kamata. Da gangan na bari hantsi ya dubi ludayi kafin in tashi, don kada in riga Baba isa in zama shaida da idona. Na same shi a inuwar sito. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, muka yi gaisuwarmu mai tsawo. Bai ce mini komai game da injin ba, ni ma ban ce ba. Na ga tsumma ɗaure a ƙwaurinsa na hagu, ga kuma ƙunar salansa a saman idon sawu, ta fara bushewa. Na ce Baba me ya sami ƙafa, ya ce babur ne ya zame a yashi. Na ce Allah ya kiyaye gaba. Iyakar abin da na ce ke nan. Ina cikin ɗakin akawu ina gwama agogon injin da na sabar, sai na ji shi yana buɗe ƙaramin sito. Makulli na ta karce jikin kwaɗo, ƙaras, ƙaras, ya daɗe kafin ya shige. A raina na ce kwaɗon nan na son mai. Injin kuwa daidai yake da sabar, tsaf, babu ta inda za ka kama shi. Na fito na yi sallama a gurguje na kama hanya, ko ruwan da aka kawo mini ban sha ba.

Washegari na tafi Maradun, ba don ina sa ran komai ba, don dai a ce na zaga duka. Can sabis ɗin waya wahala gare shi, in man janareton eriya ya ƙare sai a kwana biyu shiru. Na tarar injin can ya ɗan jima bai sami sabar ba, agogonsa ya zame da 'yan daƙiƙoƙi, abin da bai kai mutum ya tuɓe takalmi ba. Amma da na gani sai da ƙirjina ya buga don murna. A hanyar dawowa, ina kauce wa ramuka da garken shanu, na tsara maganar da zan faɗa ranar Laraba. Zan ce na bincika, na gano in sabis ya ɗauke agogon injin yakan zame. Daga nan in ja bakina in yi shiru. Ba zan ce a Maradun ne ba, ba zan ce zamewar nawa ce ba. Manaja gwanin shinkafa ne, da haƙori yake sanin wadda ta bushe, amma kwamfuta ko kunna ta sai an nuna masa. Zai ce to shi ke nan, a cire injunan. Na yi ta gaya wa kaina cewa babu kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki. Na san akawun Bakura, bawan Allah da bai tare wa kowa komai ba, shi zai zama wanda ya yi wa dattijo sharri. Na sani sarai, na ture tunanin gefe. Da maganar nan a cikina na yi alwala na bi sahu ranar Talata, kasuwa na ci a waje, ni kuwa ko fuskar na kusa da ni ban iya duba ba da aka sallame.

Ranar Laraba Baba ya biyo motar da ta kawo shanshera daga Bakura, shi da akawu. Aka zauna a ofishin manaja. Baba na kan kujera, to ni ina zan zauna? Na tsuguna daga bakin ƙofa, ƙaramar kwamfutata a kan gwiwa. Manaja ya ce Mai Agogo, nan fa ofis ne, ba zauren surukai ba. Na ce ranka ya daɗe, nan ma ya yi. Ya yi 'yar gabatarwa, ya ce ba don a tozarta kowa aka taru ba, sannan ya juyo gare ni ya ce in faɗi abin da na gani. A allon da ke kan gwiwata tauraron na nan inda yake. Na sauke murfin rabi. Idona a kan takalmin Baba, na ce, "Ranka ya daɗe, na bincika. Abin da na gano shi ne, in sabis ya ɗauke, agogon injin yakan..."

"Dakata, Malam."

Baba ne. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa katse mini magana ba, don ba mu taɓa yin maganar da za a katse ba.

"Ɗaga kanka ka dube ni."

Wuyana ya ƙi. Zufa ta karyo mini duk da fanka na juyawa. Ya sake cewa, a hankali, "Ni na ba ka izini. Yau guda dai, dube ni."

Na ɗaga. Abin da na fara gani gemu ne, ya yi fari fat, ni kuwa da baƙi na san shi. Sai baƙin tabarau, yana cikin cire shi. Ashe tun bara yake sawa, duk ma'aikata sun san shi da shi, suna zaton don ƙaiƙayin shinkafa ne, ni kaɗai ko tabaran ban san da shi ba. Da ya sauke shi na ga idanun. Yanar ido ta rufe su duka biyu, fari-fari kamar an ɗiga nono a ruwa, na dama ya fi. Ni yake nufin kallo, amma ƙyauren da ke bayan kunnena yake duba. Na ji manaja ya yi salati ƙasa-ƙasa.

Baba ya kwance agogon hannunsa, ya laluba tebur, ya ajiye. "Ranka ya daɗe," ya ce wa manaja, "tun kakar bara ban ga hannun agogon ga ba."

Sauran ya faɗe shi tiryan-tiryan, muryarsa ko rawa ba ta yi. Da asuba yana tashi kamar kullum, ya yi sallah, ya shirya, ya turo babur zaure, ya zauna yana jiran gari ya waye masa. Yana jin mutane na wucewa gona suna gaishe shi, shi kuwa hanya hazo-hazo take yi masa, sai rana ta ɗaga sosai yake iya rabe turba da rami. Duk wata garin na ƙara jinkirin waye masa. Ya faɗi da babur ba sau ɗaya ba. Bai gaya wa kowa ba, don ya san ba za a bar makulli a hannun wanda ba ya gani ba, kuma in aka zaunar da shi a gida bai san abin da zai yi da safiyarsa ba. Da manaja ya tambaye shi a waya tsoro ya kama shi, sai ya ɗora wa injin, yana ganin ƙarfe ne, ba shi da mutuncin da zai zube. Ya ce sai daga baya ya tuna injin na da mai shi.

"Ƙarya guda ta ishe gidana," ya ce. "Ni na yi ta. Kada a ƙara da ta mijin ɗiyata."

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba wanda ya tambaye ni ƙarshen maganar da na faro, amma kowa a ɗakin ya san inda ta dosa. Akawun ya dube ni sau ɗaya ya kau da kai, da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Dattijo mai furfura ya tona asirin da ya yi ta rufewa, a gaban sa'o'in 'ya'yansa, don kawai kada in ƙarasa abin da na riga na ɗaura wa niyya. Ni ne kuma mai cewa injina ba ya jin kunyar kowa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba, kuma ba irin wadda na saba ji a gabansa ba ce.

Ya zaro makullan daga aljihu ya ajiye kusa da agogon. Ya roƙi gafarar manaja, ya juya inda yake zaton akawu yake ya roƙi tasa. Manaja ya ce kamfani zai kai shi a duba idon, ya yi maganganu masu daɗi, na kuma san har zuciyarsa ya yi su, amma makullan ya jawo su ya sa a durowa. Ni kuwa, don ku ji irin halin da Allah ya yi ni da shi, a cikin wannan hali idona ya faɗa kan agogon Baba da ke kan tebur, na saci kallon kusurwar allona, na gwama. Daidai yake, ko minti ɗaya bai bari ba.

Motar da ta kawo su ta riga ta juya, ba a kuma son yamma ta riski mutum a hanyar nan, sai manaja ya ce in kai shi gida. A kan babur ɗina, ni da ko tabarma ɗaya ban taɓa haɗawa da shi ba. Ya hau, ya rasa inda zai riƙe, can ya ɗora hannu a kafaɗata. Hannun ba nauyi ko kaɗan. Sai da muka sauka daga kwalta na sami bakin cewa Baba a gafarce ni. Ya ce tun ranar da na zo Bakura ya sani, don da na samo abin da zai wanke shi, da ban bar ruwa a kwano na gudu ba. Yau kuma da na buɗe baki, muryar da ya ji ba tawa ba ce. Ya ce in bar zancen, shi ya jawo. Da muka hango rumbunan bakin gari ya ɗan matsa kafaɗata.

"Malam, ƙarfe nawa yanzu?"

Na rage gudu na duba na gaya masa. Ya ce ashe rana ta yi haka. Sai a lokacin na gane ya fi shekara da agogo a hannu yana son ya yi tambayar nan, bai sami wanda zai yi wa ba.

Na dawo Mafara gab da magariba. Matata na tsakar gida, tun kafin in jingine babur ta ce, "Injin ne, ko?" Na ce a'a. Na faɗa mata duka, har da maganar da na faro ban ƙarasa ba. Ta zauna a kan turmi. Ta ce ni da muke wurin aiki ɗaya da Baba, yaya aka yi ban gani ba? Na ce mata ni ƙafafunsa nake kallo. Sannan ta ce da babbar sallah ta kai masa nama, ta tura kwanon daga bakin ƙofa, ta ga hannunsa ya kuskure shi har sau biyu, ta ɗauka kunyarta yake ji shi ya sa ya kau da kai. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Na tsaya a kanta har ladan ya kira sallah.

An yi masa aiki a Sakkwato. Idon hagu ya buɗe, na dama kuwa ya riga ya tafi, likita ya ce da tun da wuri aka kawo shi da wata magana ake yi ba wannan ba. Makullan ba su dawo ba. Akawun nan ke riƙe da su yanzu, ya kuma cancanta. In mun haɗu muna gaisawa lafiya lau, sai dai ni nake fara sunkuyar da kai. Injunan na nan suna aiki, latti ya ragu, manaja har yabona yake yi, ni kuwa in ya fara sai in ƙirƙiro abin da zai fitar da ni daga ɗakin. Direban nan mai surutu bai sake tsokanata da zancen ba, ko sau ɗaya. Kullum da safe ina buɗe baƙin allo in buga umarnin, tauraron ya fito, in rufe in kama wani aiki.

Ranar Juma'a in an sauko masallaci nakan hau babur in je Birnin Tudu. Ina samun Baba a zaure, tsohon babur ɗinsa jingine a lungu an rufe shi da buhu. In tuɓe takalmi tun daga waje, in durƙusa, mu fara: lafiyar gida, aiki, mutanen Mafara, gajiya. A tsakiyar gaisuwar nakan yi rashin kunyar da ba a san ɗan mutunci da ita ba, in ɗaga kai sau ɗaya in dubi fuskarsa. Ba na iya saba wa abin, duk ranar sai kunnuwana sun yi zafi. Shi kuwa da idon nan guda yake kama ni.

"To, Mai Agogo, ka duba? Daidai nike?"

Sai in ce daidai, Baba. Sannan in mayar da kaina ƙasa, wurin ƙafafunsa, inda tabon salansar nan yake har yau bai ɓace ba.